Ɗakin Ƙasa Mai Baranda: Ranar da Teku Ta Tashi, Ina Ya Fi Zama a Jirgi?

Wata Juma'a bayan la'asar Kawu ya aiko a kira ni gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, can bayan Court Road. Na same shi a zaure, tabarau a karan hanci, yana ta jan hotuna a waya. 'Ya'yansa ne suka haɗa kuɗi za su kai shi Umara shi da Hajiya, in sun gama kuma su hau jirgin ruwan shaƙatawa daga Jidda, su yi 'yan kwanaki a Bahar Maliya. Mai shirya musu tafiyar ya turo musu farashin ɗakuna, kuma wanda ya fi sauƙi cikin masu baranda yana hawan ƙasa-ƙasa, kusa da ruwa.

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, kai ka taɓa shiga irin wannan abu. Faɗa mini tsakaninka da Allah, in hadari ya taso cikin dare, ruwan nan ba zai shigo mana har gado ba?"

Na ce, "Kawu, tambayar tana da kai biyu. Akwai abin da ciki zai ji, akwai kuma abin da ruwa zai iya yi. Ɗakin ƙasa ya ci na farko, a na biyun ne ake da magana."

Ban ga laifin tsoronsa ba. Bakano bai san teku ba. Ruwan da muka sani shi ne Tiga da Challawa da Watari, kuma labarin da ya fi zama a zukatanmu game da jirgin ruwa na kuka ne. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Wanda ya ɗan manyanta kuma zai tuna jirgin fiton Masar, Al-Salam Boccaccio 98, da ya nutse a Bahar Maliya a Fabrairun 2006 tsakanin Duba da Safaga da mutum fiye da 1,000. Duk da haka ba yau muka fara hawa teku ba. Kakanninmu sun yi shekaru suna ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, su tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda a jiragen da yau ba wanda zai yarda ya sa ƙafarsa ciki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta ruwa ya bi zuwa Ingila da Makka a 1921. Abubakar Imam ma ta ruwa ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster yana jigilar ɗalibanmu da ma'aikata tsakanin Legas da Ingila, tafiyar kusan mako biyu. Jirgin sama ne ya zo ya raba mu da teku. Yanzu kuma ga ta tana dawo mana ta ƙofar shaƙatawa: tun 2021 manyan jiragen yawon buɗe ido suka fara tashi daga Jidda, a Disamban 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya, mai ɗaukar fasinja fiye da 3,000.

Bari mu fara da ciki, domin shi ne abin da kusan kowa zai gamu da shi.

Duk wanda ya taɓa hawa doguwar mota daga tashar Unguwa Uku ya san dalilin da ya sa ake rububin kujerun tsakiya. Na can baya, duk ramin da aka faɗa sai kansa ya kusa taɓa rufi, alhali na tsakiya yana gyangyaɗinsa. Haka jirgin ruwa yake, sai dai shi motsinsa iri biyu ne manya. Akwai tangaɗi, wato ya karkata dama ya dawo hagu. Akwai kuma sunkuyo, goshinsa ya nutsa ƙasa bayansa ya ɗaga, sannan su yi musaya. Dukkan motsin nan biyu suna juyawa ne a kan wani wuri guda da ke ƙasa, a tsakiyar jirgi, kusa da inda ruwa ya tsaya a jikinsa. Gwargwadon nisanka da wannan wuri, gwargwadon jifan da za a riƙa yi da kai.

Lissafin ba shi da wuya. In jirgi ya karkata da digiri 5 kacal, mutumin da ɗakinsa ke mita 30 sama zai yi lilo na fiye da mita biyu da rabi zuwa kowane gefe. Wanda ke mita 10 ba zai kai ko mita ɗaya ba. To amma ga inda mutane ke yin kuskure: suna kallon hawa su manta da tsawo. Jirgi mai tsawon mita 300, in ya sunkuya da digiri 1 tak, na can goshi zai tashi sama ya dawo ƙasa da fiye da mita biyu da rabi, ko a wane hawa yake. Kuma wannan hawa-da-saukar, musamman in tana maimaituwa duk daƙiƙa biyar ko shida, ita ce ta fi kowane motsi tayar da zuciya. Manyan jirage suna da wasu fikafikan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa da ake fitarwa daga gefe da gefe don rage tangaɗi, suna kuwa aiki ƙwarai, amma ba abin da suke iya yi wa sunkuyo. Shi ya sa ɗakin ƙasa da ke goshin jirgi ya fi ɗakin sama na tsakiya wahala. Wanda ya ce maka "ƙasa ya fi" bai ƙarasa zancen ba. Ƙasa a tsakiya, nan ne maganar.

Me ke kawo jirin da aman? Cikin kunnen ɗan Adam akwai wani ruwa da ke auna motsi. In kana cikin ɗaki rufe, idonka yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa bango a tsaye yake, kunne kuma yana cewa ana wujijjiga ka. Saɓanin nan ne ke juya ciki. A nan ɗaki mai baranda ya yi wa ɗakin tsakar jirgi marar taga fintinkau, ko da ba za ka fita ba: ka ja labule, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ido da kunne su daidaita magana. Da yawa wannan kaɗai ke isar su. Sai dai da dare, lokacin da ba a ganin komai, wannan dabara ba ta da amfani, sai dai mutum ya kwanta rigingine ya rufe ido.

Ni na ga abin da idona a Bahar Rum, cikin watan Disamba, a daren da muka taso daga Marsai ta Faransa muka nufi Basalona. Wannan yanki ya yi suna da wata iska mai sanyi da ke gangarowa daga kwarin kogin Ron ta faɗa teku. Ɗakina yana hawa na 8, daf da tsakiya, kwale-kwalen ceto suna rataye a ƙasana kaɗan. Tun la'asar na ga alamu kafin a ce komai. An rataya jakunkunan amai a jikin ƙarafan matakala. An zubar da ruwan wurin ninƙaya an rufe shi da raga. Mai gyaran ɗakina, wani ɗan Filifin mai fara'a, ya shigo ya kwantar da kujerun baranda ya ɗaure su da igiya a jikin ƙarfe, ya kulle ƙofar gilashin, ya nuna ta da yatsa ya girgiza kai. Bayan magariba kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya ce an rufe duk wuraren da ke waje, kada kowa ya fita baranda, kowa ya riƙe ƙarfe in yana tafiya.

Wajen ƙarfe ɗayan dare na farka. Ba motsin ne ya tashe ni ba, ƙara ce. Maratayan tufafi suna ta bugun juna a cikin kabad. Wani aljihun tebur yana buɗewa yana rufewa shi kaɗai. Can ƙasa kuma, duk bayan ɗan lokaci, sai ka ji dum! kamar an doka ƙatuwar ganga, jikin jirgin gaba ɗaya ya yi rawa har cikin haƙoranka. Na ja labule. Fitilar jirgi tana haska farar kumfa, raƙuman ruwa suna tasowa baƙi ƙirin, ka rantse za su kai inda kake, sai su fashe a ƙasa, iska ta kwaso feshin ta watsa wa gilashin kamar an jefo tsakuwa. Da safe gishiri ya bushe fari fat a jikin ƙofar, barandar kuma jiƙe sharkaf. Amma ko ɗigo bai shigo ɗakin ba, kuma kofin da na bari a tebur bai faɗi ba. Da na hau hawa na 14 neman shayi, can ne na ga mutane suna tafiya suna dafe bango, faranti suna zamewa, wata dattijuwa zaune a ƙasa ana yi mata fifita. Jirgi ɗaya, dare ɗaya, amma kamar ba tafiya ɗaya muka yi ba.

Abin da na koya a daren nan shi ne ɗakin ƙasa yana sauƙaƙa wa ciki, yana tsananta wa kunne da zuciya. Ruwan yana kusa, kana jin sa, kana ganin girmansa. Mai saurin firgita zai iya kwana bai runtsa ba alhali ba abin da ya same shi.

Yanzu ga kai na biyu na tambayar Kawu, kuma ba zan ɓoye masa ba, ba zan ɓoye wa mai karatu ba: ruwa yakan fasa. A daren 29 ga Nuwamba 2022 jirgin Viking Polaris yana komowa daga yankin ƙanƙara na kudancin duniya zuwa garin Ushuwaya na Ajantina, wata igiyar ruwa ta doke shi a gefe, ta farfasa tagogin ɗakuna bakwai a hawa na 2. Wata Ba'amurkiya mai shekara 62 ta rasu, wasu suka jikkata. Hukumar binciken haɗurra ta Norwe ta gano cewa ƙarfin tagogin bai kai na irin wannan duka ba, kuma ƙa'idojin ƙira ba su yi cikakken tanadin igiyar da ke fashewa a jikin jirgi ba. A Maris ɗin 2010, a yankin Bahar Rum ɗin da na ba da labari, raƙuman ruwa masu tsawon kimanin mita 8 suka fasa tagogin wani zaure a gaban jirgin Louis Majesty, mutum biyu suka mutu. A Fabrairun 2014 a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, igiyar ruwa ta fasa tagar ɗakin cin abinci na jirgin Marco Polo, wani dattijo mai shekara 85 ya rasa ransa. Dukkansu wuraren da ruwa ke iya kaiwa ne, kuma gilashi ne ya ba da kai.

Masana sun daɗe suna ɗaukar labarin igiya guda da ke tasowa ta ninka 'yan'uwanta a matsayin tatsuniyar matuƙa, har sai ranar 1 ga Janairu 1995 da na'ura ta auna wata mai tsawon kusan mita 26 a wani dandalin haƙar iskar gas mai suna Draupner a tekun da ke yamma da Norwe. Tun daga nan aka daina musu.

To me ya sa duk da haka ban ce wa Kawu ya guje wa ɗakin ƙasa ba? Dalili uku ne, kuma na farko ya fi nauyi. Abin da ake kira "ƙasa" a manyan jiragen zamani ba ƙasa ba ne sosai. A yawancinsu baranda ba ta farawa sai daga hawa na 6, ko na 7, ko na 8, wato tsayin bene mai hawa da dama daga fuskar ruwa. Kamfanonin da suka kuskura suka sauko da ita ƙasa da haka sun yi mata sulke. A wasu jiragen Carnival akwai baranda a hawa na 2, amma a cikin ƙarfen jikin jirgi aka huda ta, tana da murfin ƙarfe da ma'aikata ke rufewa ruf in teku ta tashi. Queen Mary 2, wadda aka ƙera musamman don ratsa Atlantika, ita ma barandunta na hawa 4 zuwa 6 cikin ƙarfe suke. Na biyu, waɗancan haɗurra sun faru ne a ruwayen da aka sani da mugun hali, a lokacin da aka san suna tashi, biyu daga cikinsu kuma a jirage tsofaffi da ba su kai rabin na yau ba. Na uku, miliyoyin mutane ne ke hawa waɗannan jirage duk shekara, kuma irin wannan labari a kan yatsu ake ƙirga shi.

Abin da ya fi raunata mutane a daren hadari ba ruwan da ya shigo ba ne, faɗuwa ce. A Nuwamban 2023 guguwa ta rutsa da jirgin Spirit of Discovery a tekun Biske, yamma da Faransa, ruwan da Aureol ke ratsawa da iyayenmu a da. Kimanin mutum 100 suka ji rauni, ba don teku ta shiga ɗakunansu ba, sai don jirgin ya yi wata muguwar karkata ta watsar da mutane da kujeru. A Maris ɗin 2019 injinan Viking Sky suka mutu cikin guguwa a gaɓar Norwe da mutum 1,373 a ciki, saboda man da ke shafe injin ya yi ƙasa a tankunansa, tangaɗi kuma ya sa famfo ya riƙa zuƙar iska. Jirage masu saukar ungulu suka kwashe fiye da mutum 470 ɗaya bayan ɗaya, kuma hotunan da duniya ta gani na kujeru da tukwanen furanni ne suna zarya a zauren sama. Ga dattijo mai ciwon gwiwa kamar Kawu, wanda karayar ƙugu za ta iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa, wurin da ya fi ƙarancin motsi shi ne wurin da ya fi aminci. Wannan ne ya sa na tsaya a kan ɗakin ƙasa na tsakiya.

Akwai wasu abubuwa da takardar kamfani ba za ta gaya wa Bahaushe ba, domin ba da shi aka rubuta ta a zuciya ba. Babbar riga a baranda ranar iska tamkar filafilan jirgi ce, tana iya fizgar mutum, haka ma dogon hijabi. Alwala tana jiƙa daɓen banɗaki, jiƙaƙƙen daɓe a jirgi mai tangaɗi kuwa tarko ne, don haka a shimfiɗa tawul, a yi ta a zaune in da hali, a bar silifas mai santsi. Fulas ɗin ruwan zafi a ajiye shi ƙasa, a tokare shi tsakanin jakunkuna. Kada a taɓa buɗe ƙofar baranda da ƙofar ɗaki lokaci guda, domin iskar da ke ratsawa tana maka ƙofa da ƙarfin da zai datse yatsa. Kaskon turaren wuta kuwa Hajiya ta bar shi a Kano. Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi, ta fi ruwa: gobarar da ta ci ɗakuna da dama a jirgin Star Princess a Maris ɗin 2006 a baranda ta fara, kuma masu bincike sun fi zargin guntun sigari. Game da salla, malamai sun daɗe da yin bayani cewa wanda ya kasa tsayuwa a jirgi, ko ya ji tsoron faɗuwa ko jiri, ya yi ta a zaune. Kada kunya ko ƙarfin hali su sa dattijo ya tsaya ƙiyamu jirgi yana wurgi da shi.

Maganin jiri kuma kafin a fara jin sa ake sha, ba bayan amai ya zo ba. Stugeron da Avomine ana samun su a kantunan magani na Kano, amma suna sa barci, kuma mai hawan jini, ko ciwon ido, ko matsalar fitsari irin ta dattawa, ya tambayi likitansa tukuna. Citta tana taimaka wa wasu, danya ko cikin shayi. Kada a bar ciki wayam, kada kuma a cika shi da maiƙo. Asibitin cikin jirgi kuɗin waje yake karɓa, kuma da tsada, saboda haka inshorar tafiya ba almubazzaranci ba ce. Atisayen da ake yi kafin jirgi ya tashi, inda ake nuna wa kowa rigar ceto da wurin taruwarsa, a je shi da kunne buɗe. An tsananta dokarsa ne bayan Costa Concordia ta kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012 da rayuka 32, lokacin da ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu komai ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fara kawo zancen. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a nan arahar tana da dalilin da ba na haɗari ba. Kamfanoni suna sayar da kallo ne: hawan sama ya fi hangen nesa, ya fi kusa da wuraren cin abinci da shaƙatawa, sai ya fi tsada. Wasu ɗakunan ƙasa kuma kwale-kwalen ceto suna tare musu gani, wasu suna saman zauren kiɗa da ba ya yin shiru sai tsakar dare, na can baya suna jin gurnanin inji. Waɗannan ne abubuwan da ya kamata a tambayi mai shirya tafiya, a kuma ce ya turo taswirar hawan a ga lambar ɗakin da ido. Akwai wani farashi mai rahusa da kamfani ke cewa shi zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Mai gudun jiri kada ya karɓe shi, don sau da yawa ragowar goshi da baya ake rabawa. A kuma sani cewa ranar da kyaftin ya rufe baranda ba a mayar wa kowa ko sisi. Lokacin tafiya ma yana da nasa hukunci, watakila fiye da zaɓen ɗakin: Atlantika tana fama da manyan guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba, Bahar Rum ta fi tashi da hunturu, Tekun Fasha da Bahar Maliya sun fi su kwanciya ko da yake iskar arewa takan motsa su.

Kawu ya saurare ni har aka kira magariba a masallacin layinsu. Ya cire tabarau ya ce, "Wato in na fahimce ka, ɗana, in zauna ƙasa, in zauna tsakiya, in an ce a rufe ƙofa in rufe."

Na ce, "Shi ke nan, Kawu. Sai addu'a."

Washegari babban ɗansa ya kira mai shirya tafiyar, aka sauya musu ɗakin goshi da aka fara ba su zuwa wani a hawa na 8, tsakiyar jirgi, 'yan taku kaɗan daga lif saboda gwiwar Kawu. Mai karatu, in kai ma an turo maka irin wannan farashi, kada ka biya sai ka ga taswirar jirgin ka san inda gadonka zai kasance.